Fadamar Waza-Logon da dokar 2024: abin da aka kare, abin da aka hana, da rigimar da ke kan ruwa

A ranar 24 ga Yuli 2024 Kamaru ta samu sabuwar dokar gandun daji da namun dawa, wadda ta maye gurbin ta 1994. A Jihar Arewa Mai Nisa dokar ta zo da tambayoyin da ba kowa ke da amsarsu ba. Ɗan kasuwar da ke ɗauko banda daga garin Zina da ke cikin fadamar Logon zuwa Kusiri yana son ya san ko kayansa sun shiga cikin haramci. Dillalin shanu a Marwa ya ji an ce fadamar Logon wuri ne mai kariya ta duniya, alhali a can shanun da yake saye ke cin rani. Mai maganin gargajiya da ke da guntun fatar zaki a jakarsa shi ma yana da dalilin tambaya. Yawancin ruɗanin ya samo asali ne daga abu guda: sunayen kariya uku ne aka ɗora wa yanki ɗaya, kuma ƙarfinsu a gaban doka ba ɗaya ba ne.

Sunaye uku a kan ƙasa ɗaya

Na farko shi ne Gandun Dajin Waza. Turawan mulkin mallaka na Faransa suka keɓe shi a 1934, gwamnatin Kamaru ta ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1968. Faɗinsa hekta 170,000 ne, yana gefen babbar hanyar da ta tashi daga Marwa ta bi ta Mora da Dabanga zuwa Kusiri, kusa da iyakar Najeriya. Wannan shi ne sunan da ke da haƙora. A cikin iyakarsa doka ta hana farauta da kiwo da su da noma da saran itace, kuma ma'aikatar gandun daji da namun dawa ce ke tura masu gadi da ikon kama mutum.

Na biyu, a 1979 hukumar UNESCO ta saka Waza cikin jerin wuraren da ake son a daidaita kare halittu da rayuwar mutanen da ke kewaye. Wannan suna na girmamawa ne da ƙarfafa bincike. Bai zo da kotu ko tara ba.

Na uku shi ne Ramsar. Yarjejeniya ce da aka ƙulla a 1971 a wani gari mai wannan suna a Iran, a kan fadamu da tafkuna da sauran wurare masu dausayi. Kamaru ta shiga a 2006, ta kuma gabatar da fadamar Waza-Logon mai hekta 600,000. Wato fadamar da aka yi wa rajista ta ninka gandun dajin fiye da sau uku, kuma a cikinta akwai garuruwa da gonaki da burtali da mashaya. Ginshiƙin yarjejeniyar shi ne amfani da fadama cikin hikima, yadda ba za ta mutu ba. Ba ta ce a kori kowa ba, ba ta kuma da 'yan sandanta. Saboda haka masunci a Logomatiya, wani reshen ruwa da ke ratsa yankin, ko makiyayi a cikin fadamar, muddin yana wajen iyakar gandun, bai taka dokar Ramsar ba don ya jefa taru ko ya saki garke. A ɗaya gefen kogin ma Cadi ta yi wa nata ɓangaren fadamar Logon irin wannan rajista.

Yadda fadamar ke rayuwa

Yayre, kamar yadda Fulani ke kiran fadamar, ƙasa ce baƙa mai yumɓu, shimfiɗe kamar faifai. Ruwan da ke raya ta yawancinsa ba a nan yake sauka ba. Kogin Logon na tattaro shi ne daga tsaunukan Adamawa da arewacin Afirka ta Tsakiya da kudancin Cadi. Ruwan damina na gida yakan fara jiƙa ƙasar ya toshe tsagunanta, sannan wajen Satumba da Oktoba kogin ya cika ya tumbatsa, ruwan ya bazu a hankali kan fili mai faɗi. Wasu ƙoramu da ke gangarowa daga duwatsun Mandara, irin su Mayo Tsanaga, suna ƙara nasu. Daga Nuwamba ruwan ya soma janyewa: wani ya koma kogi, wani ya bi kogin El Beid a kan iyakar Najeriya zuwa Tafkin Cadi, mafi yawa kuma rana ta shanye.

Waɗannan 'yan watannin su ke ciyar da shekara. Kifi na fita daga kogi ya yi ƙwai a cikin ciyawa, inda ƙanana ke samun abinci da maɓoya. Idan ruwa ya juya, sai tarwaɗa da karfasa da ƙurungu su biyo shi, lokacin babban su ke nan ga ƙabilun Kotoko da Musgum, lokacin da ake ƙyafe bandar da 'yan kasuwa, Hausawa da yawa a cikinsu, ke kaiwa Kusiri da Marwa da Njamena da Maiduguri. Bayan masunta sai makiyaya, Fulani da Larabawan Shuwa, daga Kamaru da maƙwabtanta, da shanu da yawansu ya haura 200,000 a rani guda. Abin da ke jawo su shi ne ciyawa mai dogon rai, irin su burugu da shinkafar daji da jema, wadda saiwarta ke riƙe danshi ta yi toho bayan an ƙone fili, a lokacin da ko'ina ya bushe. A gefen fadamar kuma manoma na dasa masakwa a ƙasar da ruwa ya bari.

Namun dawa na bin wannan zagaye. Yammacin gandun Waza daji ne na marke da danya da dushe da aduwa, inda raƙumin dawa da gwanki da jimina suka fi zama. Gabashinsa yayre ne. Maraya, wadda ita ce babban abincin zakunan Waza, a nan take cin rani gaba ɗaya, dari da gwanki kuma su sauko idan rani ya yi tsanani. Giwaye na yawo tsakanin Waza da ƙaramin gandun Kalamaluwe da ke kusa da Kusiri, da damina kuma wasu su nufi kudu. An ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 350 a yankin: gauraka da kwasakwasa da dinya da kirinjijiya da babba-da-jaka, da agwagin ruwa da ke tsallako Sahara daga Turai su yi hunturu a nan. Yawan tsuntsayen ruwa na daga cikin manyan hujjojin rajistar Ramsar.

Abin da ya faru a 1979

Bayan farin shekarun 1970, gwamnati ta ga cewa dogaro da damina kaɗai hatsari ne. Kamfanin noman shinkafa na gwamnati, SEMRY, mai hedkwata a Yagwa, ya faɗaɗa aikinsa. A 1979 aka gina madatsar ruwa ta Maga, jingar ƙasa mai tsawon kilomita 27, aka kuma ja wata jinga a bakin Logon don kare gonakin. Tafkin da aka samu ya ba da damar noman rani a dubban hektoci, ya kuma zama wurin su.

A ƙasan madatsar labarin ya sha bamban. An tare ƙoramun Mandara, an toshe bakin wasu rassan da ke fitar da ruwan Logon zuwa fadama. Filin da ruwa ke rufewa ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, kuma gabashin gandun Waza na cikin inda ya bushe. Ciyawa mai dogon rai ta mutu, ciyawar damina mai saurin bushewa ta gaje ta. Kifi ya ragu, ƙauyuka suka watse, makiyaya suka nemi wani wuri. Binciken da aka yi a kan ƙidayar shekara 40 ya nuna maraya ta faɗo daga wajen 20,000 a shekarun 1960 da 1970 zuwa wajen 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, gwambaza kuma ta ɓace daga gandun. Ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta ƙiyasta asarar da mutanen fadamar ke yi a kiwo da su da sauran sana'o'i da fiye da dala miliyan 2 kowace shekara.

A nan akwai saɓani na gaskiya. Masu kare aikin Maga na cewa an ɗora wa madatsar laifin fari, domin a shekarun 1980 ruwan sama ya yi ƙaranci a duk Sahel, Logon kansa bai cika ba, ga annobar bushiya da ta kashe shanu da namun dawa a farkon shekarun. Wannan magana tana da tushe. Amma masu bincike sun lura cewa wuraren da aka toshe wa hanya sun ci gaba da zama a bushe ko a shekarun da kogin ya kawo ruwa. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne abubuwan biyu sun haɗu: fari ya rage ruwan, jinga ta hana ɗan abin da ya zo isa inda ya saba.

Buɗe ruwa a 1994 da abin da ya koyar

A 1994 wani shiri na gwamnatin Kamaru da IUCN, da tallafin ƙasar Holan, ya sake buɗe bakin wani reshe da aka toshe, wanda ake kira Ƙaramin Goroma. Ruwa ya koma kan fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 200. A 1997 aka buɗe wani reshe na biyu. Cikin 'yan shekaru ciyawa mai dogon rai ta soma dawowa, kifi da tsuntsaye suka ƙaru, mutanen da suka yi ƙaura suka koma.

Sai dai wanda ya fi saurin amsa kiran ruwan shi ne ɗan Adam da dabbarsa. Shanu sun ƙaru ƙwarai a filin da aka farfaɗo, masunta suka kafa sababbin zango har a bakin gandun. Maraya ta farfaɗo zuwa wajen 5,000 a ƙarshen shekarun 1990, daga nan ta tsaya. Masu binciken sun danganta hakan da gasar ciyawa da shanu, da farautar sata, da raguwar masu gadi a shekarun da tattalin arzikin Kamaru ya shiga matsi. Wannan gwaji shi ne hujja mafi ƙarfi da ake da ita a kan fadamar, kuma ya nuna abu biyu tare: idan babu ruwa gadi ba ya hana dabbobi ƙarewa, idan kuma ruwa ya dawo babu tsarin rabo, namun dawa ne na ƙarshe a layi.

Akwai wani sauyi da ba a cika magana a kansa ba. A da shugabannin ruwa na Kotoko ne ke faɗin ranar da za a shiga tafki da irin kayan da za a yi su da shi. Wannan iko ya yi rauni. A maimakonsa mutane suka shiga haƙa magudanai daga fadama zuwa kogi, a sa raga a bakin kowace idan ruwa na janyewa. Magudanan yanzu dubbai ne, ana gadonsu, ana sayar da su. Ga mai ita, jari ce da ke ciyar da gida. Ga makiyayi, rami ne a kan hanyar garke. Masu kare muhalli kuma na zargin suna saurin tsotse ruwan fadama, ko da yake masana ba su yi ittifaƙi kan girman wannan illa ba.

Rashin tsaro

Tun kafin rikicin Boko Haram zakunan Waza na cikin matsala. Bincike ya nuna sun ragu daga tsakanin 40 zuwa 60 a 2002 zuwa tsakanin 14 zuwa 21 a 2008. Da maraya ta yi ƙaranci sai zaki ya koma kan shanu, makiyayi kuma ya rama. A Fabrairu 2013 aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga bayan sun ziyarci gandun, a Mayu 2014 kuma aka sace ma'aikatan hanya 'yan Sin goma a Waza. Yawon buɗe ido ya durƙushe, da shi aikin 'yan rakiya da direbobi da masu masauki da dukawan Marwa da ke sayar wa baƙi kayan fata. Sintiri a cikin daji ya zama kasada. Makiyayan da aka kora daga Borno da bakin Tafkin Cadi suka ƙaru a kan fadamar da dama ta cika.

A Agusta da Disamba 2021 faɗa ya ɓarke a yankin Logon-Birni tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da Musgum masunta da manoma, ya kai har cikin Kusiri. Mutane gommai suka mutu, an ƙone ƙauyuka fiye da 100, kuma hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce wajen mutum 100,000 suka bar gidajensu, mafi yawa zuwa Cadi. Abin da ya kunna wutar shi ne ramukan tara ruwa da shanu ke faɗawa. An yi ta ba da labarin a matsayin rikicin ƙabilanci ko na sauyin yanayi. Akwai filaye da sarauta da siyasa a ciki, amma tushensa tambaya ce da babu hukuma ɗaya da ke da alhakin amsa ta: wa ke da ikon tare ruwa, a ina, kuma yaushe?

Inda kowa ya tsaya

Masu kare namun dawa na ganin Waza na cikin 'yan wurare na ƙarshe a wannan ɓangare na Sahel da zaki da giwa da raƙumin dawa suka rage tare, don haka sassauci a kan iyaka ɗaya yake da rufe gandun. Suna neman ƙarin masu gadi da hukunci mai tsanani.

Makiyaya na cewa yayre fili ne na kowa tun kaka da kakanni, kuma su ke asara idan zaki ko kura ta fito. Suna ƙorafin gonaki da magudanai sun cinye burtali, har ya zama hanyar da ta rage wani lokaci ta cikin gandun take. Wasu masana kiwo na mara musu baya da cewa barin garke ya yi yawo yana raba nauyi a kan ciyawa fiye da killace shi.

Ƙauyukan da ke manne da gandun suna da tsohuwar hujja: akwai tafkunan da iyayensu ke su a ciki kafin a shata iyaka, ga ƙaro da ciyawar jinka da suke ɗiba. A shekarun shirin farfaɗo da fadamar an gwada zama da su a kan teburi ɗaya don a ba su wani rabo a ƙarƙashin sa ido. Masu goyon baya sun ce hakan ya rage gaba, masu suka sun ce ya jawo baƙi zuwa bakin gandun.

Gwamnati da manoman shinkafa na kallon abinci. Kamaru na sayo mafi yawan shinkafar da take ci daga waje, gonakin Yagwa da Maga na riƙe da dubban iyalai, kuma shanshera daga can na tsallakawa har Najeriya ta hannun 'yan kasuwa. Mazauna birane ma suna da tasu buƙata. Ambaliyar 2012 ta yi wa madatsar Maga da jingar Logon lahani, Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 108 don gyara. A 2022 da 2024 ruwa ya sake cin unguwanni a Yagwa da Kusiri da ƙauyuka masu yawa. Wanda gidansa ya rushe jinga mai tsawo yake so, kuma yana da gaskiya. Amma ruwan da aka hana fita ta wani wuri zai nemi wani, ko ya tsallaka ɓangaren Cadi, ko ya taru a gaba. Shi ya sa wasu masana ruwa ke cewa barin fadama ta sha rabonta na daga cikin hanyoyin sauƙaƙa wa garuruwa. Ƙasashen biyu na da yarjejeniyar Mundu ta 1970 a kan ɗibar ruwan Logon, suna kuma cikin Hukumar Tafkin Cadi da aka kafa a 1964, sai dai aikin jinga yawanci kowa a gefensa yake yi.

Abin da dokar 2024 ke nufi ga talaka

Dokokin Kamaru sun kasa namun dawa gida uku. Rukunin A na da cikakkiyar kariya, zaki da raƙumin dawa da jimina na ciki. Rukunin B ana iya farautarsa da lasisi. Rukunin C shi ne ƙananan dabbobin da aka yarda a kama ta hanyar gargajiya don tukunyar gida, a wajen wuraren da aka keɓe. Babban sauyin da aka samu a hukunci yake. A ƙarƙashin dokar 1994 wanda ya kashe dabba mai cikakkiyar kariya na fuskantar ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 3 zuwa 10. Sabuwar doka ta kai shi ɗaurin shekara 15 zuwa 20 da tarar sefa miliyan 20 zuwa 50.

Wanda ya kamata ya fi lura ba lallai ne maharbi ba. Tun a tsohuwar doka, wanda aka samu da dabba mai kariya ko wani sashe nata ana ɗaukarsa kamar shi ya kama ta ko ya kashe. Fata, haƙori, farce, kitse, gashin wutsiya, duk sashe ne. Wannan ya shafi masu maganin gargajiya da 'yan koli da dukawa, da direban da aka ba saƙo a ɗaure bai buɗe ba. Cewa an gaji abin ne ko an saye shi a kasuwa magana ce da sai a gaban alƙali za a yi ta. Haka wanda ya ajiye gauraka ko 'yar barewa a gida don ado, ya kamata ya bincika rukuninta a ofishin ma'aikatar kafin a zo masa.

Ga mai fataucin banda, kifin da aka kama a kogi ko a fadama a wajen gandun haja ce halattacciya, kuma harkar su na ƙarƙashin ma'aikatar kiwo da kamun kifi ne. Haɗarinsa na dogon lokaci a ruwan yake: shekarar da fadama ba ta sha ba, kwando zai yi tsada a Kusiri. Haka mahauci da dillali, ƙibar sa a watan Maris daga tohon yayre take. Ga makiyayi, layin da ke da hukunci shi ne iyakar gandun, wadda a gabas ba shinge gare ta ba, ciyawar ciki da ta waje iri ɗaya ce. Inda hukunci ya yi nauyi kuma iyaka ba ta fito fili ba, ƙofar ciniki a bakin daji na buɗewa, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ya fi shiga hannu. Sa alama a iyaka da karanta dokar a rediyo da Fulatanci da Larabcin Shuwa da Hausa da Musgum aiki ne da zai rage wannan.

Manomin da giwa ta tattake masa dawa a kudancin Marwa na da tambayar da tsananta hukunci bai amsa ba, domin dabbar da ta ci gonar doka na kare ta, samun diyya kuma abu ne mai wuya. Ita ma dokar, komai tsananinta, ta ma'aikatar gandun daji ce. Ƙofofin madatsar Maga na hannun kamfanin shinkafa, burtali da su na wata ma'aikata, rajistar Ramsar na ma'aikatar muhalli, rigimar fili kuma na gaban hakimai da jami'an mulki. Adadin ruwan da zai isa gabashin Waza a watan Oktoba, wanda shi ke yanke yawan maraya da kifi da toho, yana fitowa ne daga shawarwarin waɗannan ofisoshi daban-daban, da kuma daminar da ta sauka a Adamawa da kudancin Cadi.